Wai kalmar "brilliant" me take nufi ne takamaimai? Turawan nan sun ruɗa ni

Ummu_Sultan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu Turanci na gidan nan ku taimaka min da wata tambaya da ta tsaya min a rai. Wata na huɗu kenan da zuwa Ingila karatu, ina Leeds, kuma kalmar da na fi ji a bakin mutanen nan ita ce brilliant. Ranar da na je rijista a asibitin unguwarmu matar da ke kan tebur ta tambaye ni ranar haihuwata na faɗa mata sai ta ce "brilliant", ta ce adireshi fa na karanto mata ta sake cewa "brilliant". Mai kawo saƙo ya miƙo min kwali na sa hannu shi ma haka. To ni dai a sanina tun muna firamare wannan kalma ta yaro mai ƙoƙari ce wanda yake ɗaukar na ɗaya, shekara shida na yi a sakandare ban ji malamin lissafinmu ya faɗa wa kowa ita ba sai yarinya ɗaya tal. Abin da ya sa na damu shi ne jiya na tura wa malamar da ke duba aikin bincikena babin farko sai ta rubuto min "brilliant, thanks" shikenan. Yanzu yabon aikin ta yi ko irin na matar asibiti ne? Wlh ban yi barcin kirki ba.

Abba_Fagge:
Wa alaikumussalam. Yabo ne mana Hajiya, brilliant ai haziƙi kenan mai kaifin ƙwaƙwalwa. Ki yi hamdala kawai, Baturiya ba ta yabon banza. Allah ya ƙara basira.

Bakatsine_Manchester:
Abba ka yi haƙuri amma nan kam ka ɗan kauce. Shekarata 11 a ƙasar nan, kuma in akwai kalmar da mutanen Ingila suka sa ta yi arha saboda yawan faɗa to ita ce wannan. A bakinsu na yau da kullum brilliant ba ta wuce "yauwa" ko "madalla" ba. Ka ba mai shago canji daidai, yauwa. Ka ce wa makanike za ka kawo mota ƙarfe tara, yauwa. Har gutsure ta suke yi su ce brill. Matar asibitin nan ba wai tana jinjina miki ba ne don kin tuna ranar haihuwarki, nufinta ta samu abin da take nema a wuce na gaba.

Ƙanwata ga yadda za ki gane na malamarki. Duba minti nawa ne tsakanin lokacin da kika tura da lokacin da ta amsa. Sannan ki duba kalmar ita kaɗai take tsaye ko an jingina ta da wani abu. In ta ce "a brilliant chapter" ko "your argument is brilliant" to wannan yabo ne na gaske kuma ba sa saurin yin irinsa a jami'a. In kuwa "brilliant, thanks" ne tsurarsa to saƙo ya iso kenan.

Ummu_Sultan:
Na duba yanzu Yaya. Minti shida ne, babin kuma shafi 22. Ashe ko buɗewa ba ta yi ba, ni kuwa har na kira Mama na faɗa mata ta yi ta sa min albarka.

Bakatsine_Manchester:
Albarkar Mama ai ta riga ta kama ki. Kada ki damu ba kushe aikin ta yi ba, ladabi ne irin nasu. Ki jira gyaranta ya fito.

Abba_Fagge:
To ni gaskiya wannan lalata harshe ne. Ta yaya kalma za ta tashi daga haziƙi ta koma yauwa? Ƙamus ɗin da muka yi karatu da shi ba haka ya ce ba.

Malam_Nahawu:
Abba ai ita ma ma'anar haziƙin da kake karewa baƙuwa ce, ba da ita aka haifi kalmar ba. Bari in ɗan ja zancen tunda abin da nake koyarwa kenan shekara da shekaru a Zariya.

Asalin brilliant haske ne, haske mai ƙarfi mai ɗaukar ido. Turanci ya aro ta daga Faransanci a ƙarshen ƙarni na 17, wajajen 1680, daga brillant wato mai ƙyalli, aikatau ɗinta briller. Su ma Faransawa daga Italiyanci suka samo, brillare. Masana asalin kalmomi da yawa suna mayar da ita can ga sunan wani dutse mai daraja da ake kira beryl, wanda zumurrudu ma dangin sa ne. Kun ga tun daga tushe maganar dutse ce da yake walwali in rana ta doke shi.

Daga nan ta yi rassa. Na farko haske, kamar "brilliant sunshine" rana ta take fayau ba gajimare. Na biyu launi mai ƙarfi da ya fito sosai. Na uku mutum ko aiki da ya yi fice, ɗalibi, likita, lauya, dabara, ƙwallon da aka ci da gwaninta. Na huɗu shi ne wanda Bakatsine ya faɗa, na hira, kuma shi ne ƙaramin cikinsu a shekaru. Duk huɗun suna raye yau ba wanda ya kashe wani.

Kuma kafin mu zargi Turawa mu duba namu. Malam asalinsa mai ilimi ne mai koyarwa, amma yau a tasha za ka ji kwandasta na cewa malam matsa ciki, bai tambaye ka ko ka iya alif ba. Duk da haka in aka ce wane malami ne kowa ya san abin da ake nufi. Haka brilliant take.

Abba_Fagge:
Allah ya gafarta Malam wannan misalin na malam ya shige ni. Amma dai ina nan kan cewa sun yi wa kalmar rashin adalci.

MaiFenti_Sabongari:
slm. ni banyi boko mai nisa ba amma kalmar nan kullum ina tare da ita, a jikin bokitin fenti. Brilliant white. shi ne farin da ya fi kowane fari, wanda muke sa wa silin da POP. in ka shafa shi a bango ka ajiye off white kusa da shi sai ka ga off white ɗin kamar ya sha hayaƙi. ni a tunanina ma sunan fari ne kawai sai da wani injiniya ya ce wa yarona brilliant da ya gyara masa lissafin bokiti nawa gida zai ci, na tsaya ina kallonsa ina cewa a raina me ya haɗa yaro da fenti. kuma shawara kyauta duk wanda gidansa ke bakin titi kada ya sa shi a waje, hunturu ɗaya ya isa ya mayar da shi ruwan ƙasa

Hajiya_Turai:
Mai fenti ka tuna min da bula. Kakata in ta wanke farin kaya sai ta ɗan jiƙa bula a ruwan ɗauraya na ƙarshe, kayan su bushe su fito fari ƙal har ido ba ya iya kallonsu a rana. Ina jin shi ne brilliant white ɗinmu na gargajiya.

Malam_Nahawu:
Hajiya kin taɓo wurin da nake so. A fagen launi Hausa ta fi Turanci wadata nesa ba kusa ba. Su kalma ɗaya suke ja ko'ina, brilliant white, brilliant red, brilliant green. Mu kuwa kowane launi da abokin tafiyarsa. Fari ƙal ko fari fat ko fari sol, ja wur ko ja zur, kore shar. Ba ka cewa fari wur, ba ka cewa ja ƙal, yaro ɗan shekara biyar ma zai yi maka dariya. Don haka mai fassara in ya ga "a brilliant red dress" ya rubuta riga ja wur ya huta, kada ya ce haziƙar jar riga. Na taɓa ganin makamancin haka a takardar jarrabawa kuma raina ya ɓaci don laifinmu ne malamai, ma'ana ɗaya muka ba su.

Tela_Kwari:
A kan yadi kuma sheƙi muke cewa. Shadda mai sheƙi. Ku je wajen masu bugu ku ga yadda suke ɗora rinannen yadi kan gungume suna dukansa har ya riƙa ɗaukar ido, ko rawani ɗan Kura da shunin ke walƙiya a jiki. Ƙyalli daban sheƙi daban walwali daban, kwastoma ta san bambancin ko da ba za ta iya yi maka bayani ba.

Sadiq_BUK:
Ni abin da aka koya mana shi ne akwai bambanci tsakanin brilliant da intelligent. Brilliant shi ne mai haddace littafi ya ci jarrabawa, intelligent kuma shi ne mai tunani da kansa wanda zai iya warware matsalar rayuwa. Shi ya sa ake cewa wane brilliant ne amma ba intelligent ba. To intelligent ya fi kenan, Anti Ummu ko da yabon ne ma ba wani babba ba ne.

Dr_Zee_Houston:
Sadiq wannan rabon a Najeriya kawai na san shi, mun sha muhawara a kansa a sakandare har da kafa hujjoji. Amma ka faɗa wa Ba'amurke ko ɗan Ingila haka zai yi mamaki, domin a wurinsu brilliant tana SAMA da intelligent ne. Intelligent mutum ne mai hankali da fahimta, suna da yawa. Brilliant shi ne wanda ya yi zarra a cikin masu fahimtar, irin wanda ake faɗa wa su Einstein. Mai hadda ba tare da ganewa ba ba za su taɓa kiransa brilliant ba. Dalilin da ya sa muka juya ta ina ganin katin sakamako ne, malaman aji sun saba rubuta "a brilliant performance, keep it up" ga duk wanda ya zo na ɗaya zuwa na uku sai kalmar ta manne da cin jarrabawa a kanmu.

Wani abu kuma, nan Amurka ba sa yin wancan amfani na yauwa. Great ko awesome ko perfect za ka ji. In Ba'amurke ya ce maka brilliant to yawanci da gaske ƙwaƙwalwarka ko dabararka yake yabo. Da a Houston malamar Ummu take da sai in ce ta yanka kaza.

Sadiq_BUK:
Ikon Allah. Dakta ni fa har a dibet na ci kyauta da wannan bayanin. Amma tunda mu miliyoyi ne muke amfani da ita haka ba za a ce namu ma daidai ba ne a Turancin Najeriya?

Malam_Nahawu:
Za a iya cewa haka Sadiq, tsakaninmu za a fahimce ka. Sai dai ranar da za ka rubuta wa jami'ar waje ko ka zauna jarrabawar Turanci ta IELTS ka san da wa kake magana.

YarDamagaram:
Sannunku yan uwa na Najeriya. Mu nan Nijar da Faransanci muka yi lakkwal wato makaranta kuma kalmar tamu ce tun asali kamar yadda Malam ya faɗa. Muna cewa élève brillant in namiji ne, brillante in mace ce, mushe wato malami ya rubuta ma haka a takardar sakamako ranar nan gidanku an yi murna. Kuma har yau ma'anar ƙyalli ba ta tafi ba, wajen mai hoto zai tambaye ka takarda brillant kake so ko mat, wato mai sheƙi ko maras sheƙi. Amma ban taɓa jin Bafaranshe ya ce brillant don ka ba shi adireshi ba, parfait ko super ko très bien za ya ce. Ingilishi suka ara suka kai ta inda masu ita ba su kai ba.

Alaramma_Hadejia:
Abin da ya ɗauki hankalina a zancen nan shi ne yadda harsuna suke haɗa haske da fahimta ba tare da sun yi shawara da juna ba. A Larabci ana cewa alma'i ga mai saurin ganewa, daga lama'a wato ya haskaka ya yi walƙiya. Zaka'u da ake fassarawa da kaifin basira tushensa ɗaya da ruruwar wuta. Basira da muke faɗa kullum daga gani take. Mu ma muna cewa Allah ya haskaka ƙirjinka, muna cewa duhun kai, duhun jahilci, kansa ya waye. Amma ku lura haziƙi kanta ba haske ba ce a asali, daga haazik take wato wanda ya ƙware a abu, fasihi kuma mai iya magana ne da bayyana ta. To in ana neman kalmar da ta fi kusa da brilliant ta ɓangaren mutum ni zan ce mai kaifin basira ko wanda ya yi zarra. A tsangaya kuwa ba ma rabon suna da arha, kafin a ce maka gwani ka sha wuya, balle gangaran.

Khalifa_04:
mu dai a skul ƙwaro muke cewa. wane ƙwaro ne a Physics. ko kansa na ja

Hajiya_Turai:
Khalifa ku yaran zamani, mutum ya yi ƙoƙari ku mayar da shi ƙwaro. A zamaninmu "yana da ƙwaƙwalwa" ake cewa, kishiyarsa daƙiƙi.

Malam_Nahawu:
Kishiyar ma a Turanci hasken ne dai, dull, abin da ya dushe ba ya sheƙi, da shi ake kiran yaro mai jinkirin fahimta. Sai bright a tsakiya, yaro mai ƙoƙari da ake sa ran zai yi abin kirki. Bright fitila ce, brilliant kuwa sai ka kare idonka.

Bakatsine_Manchester:
Na manta ban faɗa wa Ummu wani ba kuma yana da muhimmanci, gatse. Mutanen nan gwanayen gatse ne kuma da wannan kalmar suka fi yi. Kina tsaye a tashar jirgin ƙasa da sanyin safiya a sanar an soke jirgin, za ki ji na kusa da ke ya ja numfashi ya ce "oh, brilliant". Shayi ya zube wa mutum a riga, "brilliant". Kamar dai yadda uwa za ta ce wa yaron da ya fasa mata tangaran sannu ka kyauta. Muryar ce za ta nuna miki, in ta faɗi ƙasa a sanyaye ba murmushi to ba alheri. Na ga wani ɗan uwanmu sabon zuwa a wurin aiki ya yi kuskure ya goge fayil, shugabansa ya ce "well that's just brilliant" shi kuwa ya ce na gode, abin ya ƙara tunzura mutumin. Sai da na ja shi gefe na yi masa bayani, tausayi ya ba ni sosai don ba laifinsa ba ne ba wanda ya taɓa koya masa.

Ummu_Sultan:
Subhanallah. Yaya to yanzu a rubuce ta ya zan gane ba gatse malamata ta yi ba? Na makara da kwana biyu wajen turawa fa.

Bakatsine_Manchester:
A'a kwantar da hankalinki. Da thanks a jiki kuma daga malama zuwa ɗaliba a imel ɗin makaranta, ba gatse ba ne. In makarar ta dame ta kai tsaye za ta faɗa cikin ladabi.

Lab_Gombe:
Ku bari in shigo da nawa fannin. A dakin gwaje-gwaje muna da rini da yawa masu wannan suna. Akwai Brilliant Blue da ake sa wa alawa da lemon kwalba su yi shuɗi, in kun duba bayan leda wani lokaci za ku ga E133 shi ne. Sai wanda na fi sha'awa, Coomassie Brilliant Blue, da shi muke gano furotin. Akwai gwajin da wani masani Marion Bradford ya fito da shi a 1976, ka ɗiga rinin cikin ruwan da kake zargin akwai furotin, yana ruwan ƙasa-ƙasa sai ka ga ya juye shuɗi shar a gabanka, iya yawan furotin iya ƙarfin shuɗin. Na shekara ina amfani da shi kafin na san cewa Coomassie ɗin nan Kumasi ce ta Ghana, tsohon rubutun Turawa ne na sunan garin. Wani kamfanin rini na yankin Manchester mai suna Levinstein ne ya ɗauki sunan ya sa wa kayansa a ƙarshen ƙarni na 19, daidai lokacin da sojan Birtaniya suka shiga garin a 1896.

Zango_Kumasi:
Kai! Ni a Kumasi aka haife ni aka haifi babana ban taɓa jin wannan ba. 1896 ai shekarar da suka kama sarkin Asante, Asantehene Prempeh na ɗaya kenan, daga baya suka kai shi tsibirin Seychelles bai dawo ba sai 1924. Wato su suna murnar cin gari har suna sa wa rini suna, mutanen gari kuwa suna kukan an tafi da sarkinsu. Yanzu duk duniya masu bincike na kiran sunan garinmu kullum ba su sani ba. Abin ya taɓa ni gaskiya. Zan faɗa wa yarana yau da dare.

DanRasha:
Lab_Gombe ka manta brilliant green. Mu da muka yi karatu a Rasha mun san shi, zelyonka suke ce masa, kowane gida akwai 'yar kwalbarsa. Yaro ya faɗi ya kurje gwiwa ko ƙarambau ta fito masa sai a bi shi da ɗigo-ɗigo kore shar duk jiki. Kamar dai yadda muke shafa maganin rauni na GV a gida. In ya taɓa maka riga kuwa sai haƙuri.

Abba_Fagge:
Jama'a daga tambayar Hajiya mun tafi fenti mun tafi Kumasi yanzu muna Rasha

Gwal_da_Azurfa:
Abba bari in ƙara ɗaya kafin a dawo, don ni a sana'armu kalmar suna ce ma ba siffa ba. A kasuwar daiman in an ce brilliant ana nufin wani irin yanka ne, zagayayyen nan da kuke gani a zoben aure na Turawa mai faɗi a sama da tsini a ƙasa. Fuska 57 ake yi masa, 58 in an shafe tsinin ƙasan. Ɗanyen daiman in kun gan shi ba zai burge ku ba kamar ƙanƙarar gishiri yake, yankan ne ke sa haske ya shiga ta sama ya yi ta karo da fuskokin ciki ya dawo ta saman ya doki ido. Wani ɗan Beljiyam Marcel Tolkowsky ya zauna ya yi lissafin kusurwoyin a 1919, in aka yi zurfi da yawa ko zurfin ya gaza hasken sai ya zurare ta ƙasa dutsen ya mutu. Kuma beryl ɗin da Malam ya ambata muna da shi a ƙasar nan, ana haƙo shi wajen Nasarawa Eggon.

Malama_Rabi:
Gwal_da_Azurfa maganarka ta yankan nan ita ce abin da nake ta so in faɗa tun ɗazu. Shekarata 19 ina koyarwa a firamare kuma na daina ce wa yaro brilliant ko haziƙi a gaban aji. Na ga abin da take yi. Akwai yarinyar da tun aji biyu kowa ke kiranta da haka, gida da makaranta, da ta kai aji biyar lissafi ya fara tauri sai ta daina ɗaga hannu kwata-kwata, na zaunar da ita ta ce tsoro take kada ta faɗi ba daidai ba a ce ashe ba ta da ƙoƙarin. Sauran yara 60 kuma sun riga sun yanke wa kansu hukunci cewa su ba a halicce su da shi ba to me za su wahalar da kansu. Yanzu aikin nake yabawa, in ce kin yi ƙoƙari da kika sake gwadawa, ka kyauta da ka nuna yadda ka bi ka samu amsar.

Dr_Zee_Houston:
Malama Rabi bincike yana bayanki. Wata masaniyar halayyar ɗan adam Carol Dweck da abokiyar aikinta sun nuna tun 1998 cewa yaran da aka yaba wa ƙwaƙwalwa sun fi gudun aiki mai wuya a kan waɗanda aka yaba wa ƙoƙari. Kuma a 2017 mujallar Science ta buga wani bincike da aka yi a nan Amurka kan yara 'yan shekara 5 zuwa 7, a shekara 5 maza da mata kowa na ganin jinsinsa ne masu kaifin basira sosai, amma daga shekara 6 'yan mata sun fara ja da baya suna miƙa wa maza. Shekara shida fa. Ina da 'ya'ya mata biyu abin yana damuna.

Sadiq_BUK:
Amma Malama ai gaskiya ce wasu Allah ya ba su fiye da wasu. Akwai wanda muka yi aji ɗaya ba ya ko karatu sai ya kwashe maki. In ba a kira shi brilliant ba me za a kira shi?

Malama_Rabi:
Ban musa baiwa ba ɗana. Ina cewa ne faɗar ba ta ƙara masa komai, wani lokaci ma rage shi take. Ka bincika ina irin waɗannan suke bayan shekara goma, wasu sun yi nisa wasu kuwa mai naci ya wuce su.

Alaramma_Hadejia:
Ni ina tsakiya. Yabo yana da wurinsa, mun ga yaron da kalma ɗaya ta malami ta tashe shi. A dai haɗa da masha Allah kuma kada a yi a kan idon 'yan uwansa kullum.

Khalifa_04:
Malam Nahawu tambaya, daidai ne a ce very brilliant? malamin mu ya ja min jan biro a kai

Malam_Nahawu:
Malaminka yana da hujja. Brilliant ta riga ta kai ƙarshe da kanta, kamar ka ce fari ƙal sosai, ƙal ɗin ta gama aikin. Masu harshen sun fi cewa absolutely brilliant ko really brilliant. A nan gida very brilliant ta zama ruwan dare ba wanda zai tsayar da kai amma a jarrabawa ka guje ta. Sannan brilliant at ake cewa in ana maganar fanni, brilliant at maths. L biyu ce a rubutu, yara da yawa na sa ɗaya. Suna brilliance, bayanau brilliantly. Furuci kuma gaɓa biyu ce a bakinsu, bril-yant, mu ne muke buɗe ta mu ce biriliyan saboda harshenmu ba ya fara kalma da baƙi biyu a jere, yadda muka yi wa direba da firamare da burodi.

Ummu_Sultan:
Jama'a na dawo, na gode ƙwarai da gaske kowa da kowa. Yau na je ofishinta. Yaya Bakatsine gaskiyarka, ta ce sai jiya da dare ta samu ta karanta. Gyara kam akwai shi, kusan kowane shafi da rubutu a gefe, shafi uku ma ta ce in cire su gaba ɗaya. Amma a shafi na 14 inda na kawo bayanin yadda mata a ƙauyenmu suke haɗa adashi don kuɗin asibiti ta ja layi ta rubuta "brilliant point, develop this". Wannan kam na tsaya na kalle shi na daɗe. Da zan fito na ce mata zan kawo gyaran ranar Litinin ta ce "brilliant", ni ma na ce mata yauwa a zuciyata.

Abba_Fagge:
To kun gani! Ni na ce yabo ne tun farko

Bakatsine_Manchester:
Abba na shafi na 14 ne yabo, na imel ɗin yana nan a yauwa ɗinsa. Barka ƙanwata, ki faɗaɗa wurin nan da kyau kamar yadda ta ce.

Malama_Rabi:
Kuma ku lura batun ta yaba ba ita Ummu ba, har ta ƙara mata aiki a kai. Irin wannan nake nufi.

Ummu_Sultan:
Amin na gode. Saura ɗaya dan Allah kafin ku watse, a babi na biyu da na nuna mata tsarinsa ta ce "not bad at all". Wannan kuma fa, in yi murna ko in sake zama?